Ƙyallen Tela Ma Dukiya Ne

A ƙasar Funtua da Malumfashi, inda auduga ta daɗe tana ciyar da manoma, har aka kafa masaƙar Funtua a 1978, abin mamaki ne a ga ana share guntayen atamfa ana ƙonewa. Ga shi kuwa idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, yara da yawa suna kwana ba abin rufa mai kauri. Waɗannan ƙyallaye, in an harhaɗa su, bargo ne sukutum.

Lokacin tarawa shi ne gabanin Salla da Kirsimeti, sa'ad da ɗinki ya yi wa teloli yawa. Uwargida, ki roƙi telanki ragowar kayanki. Ki wanke su, domin wata atamfar tana zuba, wata kuma tana tsukewa. Su bushe sarai kafin a adana.

Sai rarrabewa. Atamfa gefe guda, shadda gefe guda, yadin roba dabam, gama ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma mai rauni yakan riga yagewa. A ɗaure kowane launi dami-dami, manya dabam da ƙanana.

Abokan gāba su ne danshin damina, da gara, da ɓera. A zuba cikin akwatin ƙarfe tare da kafur ko busasshen ganyen darbejiya, a ɗora bisa duwatsu, nesa da bango.

Da kaka, lokacin cirar auduga, sai a haɗa ƙyallayen, a shimfiɗa gurzajjiyar auduga tsakanin falle biyu, a bi da ɗinki layi-layi don kada ta dunƙule.