Daga Raccah Rovers zuwa Kano Pillars: abin da jerin zakarun gasar Najeriya ke faɗa

A gidajen kallon ƙwallo na Dawanau, inda 'yan dako da dillalan hatsi ke taruwa bayan an tashi kasuwa, ba a rasa matashin da zai lissafa zakarun Ingila na shekara goma a jere ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Idan aka tambaye shi ƙungiyar da ta fara kawo wa Kano kofin gasar Najeriya, galibi Kano Pillars zai ambata. Amsar kuwa Raccah Rovers ce, a 1978, shekara 12 kafin a kafa Pillars. Ƙungiyar ta daɗe da shuɗewa, kuma ba ita kaɗai ba ce a cikin zakarun ƙasar nan da suka ɗaga kofi sannan suka ɓace. Jerin zakarun, idan aka bi shi a tsanake, tarihi ne na waɗanda suka riƙe lalitar ƙwallo a kowane zamani.

An fara gasar ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta lashe ta farko. Daga nan Kudu ta karɓe ragama. Bendel Insurance ta Benin ta ci a 1973 da 1979, Shooting Stars ta Ibadan a 1976, 1980 da 1983, yayin da Rangers ta Enugu, wadda aka kafa a 1970 bayan yaƙin basasa, ta ɗauka sau shida tsakanin 1974 da 1984. A tsakiyar wannan mamaya Raccah Rovers ta kutsa, ɗauke da sunan da dattawan Kano suka sani tun zamanin dalar gyaɗa.

Sunayen zakarun shekarun da suka biyo baya sun fi kama da rajistar kamfanoni: New Nigeria Bank a 1985, Leventis United a 1986, Julius Berger a 1991 da 2000, Stationery Stores a 1992, BCC Lions ta Gboko a 1994, sai Eagle Cement a 1997. Banki, kantin kaya, kamfanin gine-gine, masana'antun siminti biyu. Ƙwallo a lokacin wani reshe ne na talla da alfahari, kuma ƙarfin ƙungiya daidai yake da ribar uwar gijiyarta. Nan ne raunin tsarin yake. Leventis United ta hau daga rukuni na uku zuwa kan gadon sarauta cikin 'yan shekaru, amma ba a jima ba masu ita suka janye hannu, ta watse. Da tattalin arziki ya tsananta bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1986, kamfanoni da dama suka ga ciyar da 'yan wasa ba ya cikin abin da ya zame musu dole.

Akwai kuma attajirai. Cif Emmanuel Iwuanyanwu ya karɓi Spartans ta Owerri ya sa mata sunansa, ta lashe gasar sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, ta ƙara a 1993. Kofin 1990 shi ne na farko bayan an mayar da gasar ta ƙwararru. Duk da haka a 2006 ƙungiyar ta koma hannun gwamnatin Jihar Imo, aka sake mata suna Heartland.

A wannan shekara ta 1990 aka haifi Kano Pillars, daga haɗewar ƙungiyoyi uku: WRECA ta hukumar ayyukan ruwa ta jiha, Kano Golden Stars, da Bank of the North. Tun daga tushe, ke nan, 'yar gwamnati ce, kuma ta zo daidai lokacin da gwamnatocin jihohi ke shirin gadar fagen da kamfanoni suka bari. Enyimba ta Aba ce ta fi kowa cin moriyar sabon zamanin. A mulkin Gwamna Orji Uzor Kalu ta lashe gasar a 2001, 2002 da 2003, ta kuma ɗauko kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, abin da babu wata ƙungiyar Najeriya da ta yi kafin ta ko bayanta. Ya zuwa 2025 tana da kofunan gasar gida tara, Rangers na biye da takwas.

Kano ta jira shekara 30 cur kafin kofin ya dawo. A 2008 Pillars ta lashe shi a ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana. Shekarar da ta biyo baya ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar gida Heartland ta tare mata hanya. A kakar 2010 wani matashi mai suna Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a rigar Pillars kafin Turai ta ɗauke shi. Sai kuma shekaru uku da magoya bayan Sai Masu Gida ba sa gajiya da tunawa: 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi, da Rabi'u Ali a tsakiyar fili. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama wurin da baƙo ke shiga da fargaba, domin daga 2003 har zuwa 2015, lokacin da Nasarawa United ta karya lagon, ba a doke Pillars a gida ba a wasan gasa. Wannan abin alfahari ne, ko da yake mai adalci zai ƙara da cewa a gasar Najeriya nasarar baƙo aba ce mai wuya a kusan kowane fili, kuma ba kullum ƙwarewa kaɗai ke jawo hakan ba.

Bayan 2014 kofin gasar bai sake zuwa Kano ba. Pillars ta ci kofin ƙalubale na Aiteo a 2019, da ta doke Niger Tornadoes a bugun fanareti a Kaduna, amma a 2022 ta faɗa rukuni na biyu, ta dawo bayan kaka ɗaya. Ƙungiyar da ke rayuwa da kasafin kuɗin jiha tana tashi ne tana faɗuwa da sha'awar wanda ke kan kujera, kuma kowane ma'aikacin gwamnati ya san yadda takardar neman kuɗi ke iya kwana a kan tebur.

Kwatanci da Amurka yana fito da bambancin. A wasan besbol, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda, ana fitar da zakara ta gasar World Series tun 1903. Ƙungiyoyin biyu da suka kara a ta farko, ta Boston da ta Pittsburgh, har yau suna fili, kuma New York Yankees ta tara kofi 27. Masu ƙungiya suna mutuwa ko su sayar, amma ƙungiyar tana nan, saboda tana da kuɗin shigarta daga tikiti da talabijin da tallace-tallace. A nan kuwa gasar ba ta wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, amma Raccah Rovers, New Nigeria Bank, Leventis United, Udoji United ta 1996 da Ocean Boys ta 2006 duk sun fice daga sahun manya. Eagle Cement ta rikiɗe ta zama Dolphins, ita ma aka narkar da ita da Sharks a 2016 aka samar da Rivers United, zakarar 2022.

A 2025 Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun, mallakin ɗan kasuwa Kunle Soname, ta lashe gasar da filinta da makarantar horar da yaranta, ba tare da ta zama 'yar gwamnati ba. Labarin ya kamata ya tsaya a ran 'yan kasuwar Kano fiye da na ko'ina. Daga Dawanau ake lodin gero da masara da wake da riɗi zuwa Nijar da Chadi da sassan Najeriya, kuma daga Kantin Kwari zuwa Singa jarin da ke juyawa ba ƙarami ba ne. Duk da haka kofunan gasa huɗu da birnin ya samu tun bayan Raccah Rovers daga baitulmalin jiha aka biya kuɗinsu.