Kakakin Sakkwato: Busar Wace Salla Ta Fi?

Jama'a, akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa a Birnin Shehu. Duk shekara in an sauko daga Idi, Sarkin Musulmi ya shiga gida, sai ka ji dattawa a zauruka suna cewa busar bana ba ta kai ta bara ba, ta bara kuwa ba ta kama ƙafar ta zamanin Sarkin Musulmi Abubakar ba. Samari su ce a'a, tsufa ne ya toshe kunne. Maganar ba ta wasa ba ce, gama mabusan nan gādo suke riƙe da shi, kuma da yabon jama'a suke samun doki da riga da abin kai wa iyali. Wanda aka ce busarsa ta lalace an taɓa masa abinci. Saboda haka ya kamata a auna maganar da mudu na gaskiya.

Da fari sai mu san abin da ake gardama a kansa. Kakaki doguwar ƙahon ƙarfe ce, tsawonsa yakan kai ƙafa 8, wani ma ya fi haka, gaɓa biyu ne ake haɗawa. Ba shi da huda ko ɗaya da za a ɗora yatsa, leɓen mabushi da numfashinsa su ne duk aikin. Murya biyu yake da ita wadda aka dogara a kai, ta ƙasa da ta sama, da su yake kwaikwayon maganar Hausa har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi wa sarki. Littafin tarihin Kano ya nuna Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a can. Shehu Usmanu kuwa, cikin Kitabul Farƙi, ya soki kiɗan banza na sarakunan Haɓe, amma ya bar wanda ke da dalili, kamar na tara runduna da sanar da tashinta da saukarta. Shi ya sa ba a ɗauki busar fada abin nishaɗi kawai ba. Sanarwa ce, ana gaya wa gari ga shugaba nan ya fito.

Kakaki ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai algaita, akwai tambura da ganguna. Masu kunne suna duba abu huɗu: tashi tare, watau kada wani mabushi ya riga ɗan'uwansa; fitar magana sarai; tsawon numfashi; sa'an nan dacewar busa da kiɗa. In ɗaya ya rasa, sai a ce busa ba ta zauna ba.

To, ga abin da masu gardama kan manta. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11, don haka Salla tana zagaya rani da damina, ba ta komowa inda ta tashi sai bayan kamar shekara 33. Ƙarfe da fata da leɓe kuwa kowanne yana jin yanayi, amma ba hanya ɗaya suke jinsa ba.

Mu fara da hunturu. A watan Disamba na 1968 aka yi Ƙaramar Salla cikin sanyi, a shekarar 2000 kuwa sau biyu ta zo, a Janairu da Disamba. Sanyin safiya yana sa muryar kakaki ta sauka ƙasa. Dalili shi ne, sauti yana gudun mita 340 cikin sakan ɗaya in ma'aunin zafi yana kan 15, amma in ya kai 40 sai ya yi wajen 355, muryar abin busa kuwa tana bin wannan gudu. Masu badujalar soja da na 'yan sanda sun san haka, ƙahonninsu suna da wata gaɓa da ake ja ko a tura don gyara murya. Kakaki ba shi da ita, sai dai mabushi ya matse leɓe, ga leɓen kuwa ya tsage da iska. Ita fatar ganga akasin haka take yi, bushewa tana ɗaure ta, muryarta ta hau. Busa ta yi ƙasa, kiɗa ya yi sama, sai gwani ne ke iya sulhunta su. Amma fa hunturu yana da kyauta guda: da sanyin safiya sauti yana bin ƙasa ya yi nisa. Wanda ke cewa a da daga bakin gulbi yana jin kakakin Kanwuri, mai yiwuwa ne Sallar sanyi yake tunawa.

Sai bazara. Ƙaramar Salla ta faɗo cikin watan Afril a 1959, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar, da 1991, zamanin Ibrahim Dasuƙi, da 2024, zamanin Sa'ad Abubakar. Afril a Sakkwato ba sai an faɗa ba, zafi yakan wuce 40. Kakaki yakan yi zafi a hannu, muryarsa ta hau ta yi kaifi, ganga ma ta ɗaure, har a tuna da karin maganar nan cewa ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi. Nan busa da kiɗa sun fi dacewa da juna, sai dai numfashi ne ke gajarta. Mutum ya fito daga azumin wata guda cikin wannan zafi, ya bi ayari tun daga Fakon Idi har fada da ƙarfe mai tsawon ƙafa 8 a ɗage, ga ƙurar dawaki, ba mamaki in kirarin ƙarshe bai kai na farko ƙarfi ba. Ƙasa mai zafi kuma tana tura sauti sama, ba ya nisa.

Damina kuwa ita ce lokacin algaita. A 1980 da 2013 cikin Agusta aka yi Ƙaramar Salla, watan da ruwa ya fi yawa. Ɗan karan da ke bakin algaita ba ya son bushewa, laima tana tausasa shi, sai mai algaita ya cika kumatu yana jan iska ta hanci, busa ba ta yankewa. Leɓen mai kakaki ma lafiya lau, ba ƙura. Abin da ke shan wuya shi ne fata. Laima tana saki ta, tambari ya yi dum-dum kamar an rufe shi da bargo, ganga sai an nuna mata rana ko wuta. A irin wannan shekara busa takan fito fili don kiɗa ya ja baya, jama'a su koma gida suna yabon mabusa, alhali rabin yabon na hadari ne.

A ganinmu kaka ta fi su duka, kamar Sallar Nuwamba ta 1972 da ta 2005. Ruwa ya ɗauke, fata ta ɗaure daidai, hunturu bai yi tsanani ba balle leɓe ya tsage, ga hatsi ya shigo gida, mabushi da dokin da yake bi duk a ƙoshe. Wanda ya ji busa a irin wannan lokaci yana yaro, ya riƙe ta ma'auni, to, duk abin da ya ji daga baya zai raina.

Ashe ke nan gwada busar 2024 da ta 2005 zalunci ne. Abokiyar gwajinta ita ce ta 1991 da ta 1959. Kai, ko cikin shekara ɗaya ma akan sami bambanci, gama tsakanin Salla da Salla wata biyu ne da kwana 10. A 2024 Ƙaramar Salla ta zo cikin bazara, Babbar Salla kuwa a Yuni, damina ta kama.

Amma kada samari su ce sun ci gardama, dattawa ma suna da tasu gaskiya. Na farko, ƙarfen ya sake. Kakakin da tagulla ne, daga baya aka shiga yinsa da garwar kananzir, ga araha ga sauƙin ɗauka, amma saurin lotsewa gare shi, in kuwa mahaɗar ta saki iska tana zurara. Na biyu, garin ya sake. Sakkwaton 1959 ba ta san kukan babura da jiniya da lasifika da injin wuta irin na yanzu ba. Ko da busa ba ta ragu ba, shirun da take faɗawa ciki ya tafi. Na uku, shi ne mai nauyi, kunnen jama'a ya sake. A da in kakaki ya yi magana, tsohuwa a cikin gida ta san abin da ya ce. Yaran yanzu da yawa ƙara kawai suke ji. Mabushin da ya san ba mai gane maganarsa, da wuya ya wahalar da kansa wajen fitar da ita. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Har wa yau akwai maganar gādo. Busar fada a gida ake koyonta, ɗa a bayan uba, shekara da shekaru kafin leɓe ya yi ƙwari. Yaro in ya ga sana'ar ba ta ciyar da ubansa, kasuwa zai nufa, ba kuwa mai ganin laifinsa. A 2020, da annoba ta sa aka dakatar da hawan Salla a garuruwan Arewa da yawa, an ga yadda abincin waɗannan bayin Allah ya rataya ga 'yan kwanaki kaɗan cikin shekara.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Ga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, ga gidan rediyon Rima, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A riƙa ɗaukar busar kowace Salla a na'ura, daga wuri ɗaya, a rubuta rana da yanayi da sunayen mabusa, a kuma zauna da tsofaffinsu a rubuta ma'anar kowane take tun suna da rai. In an yi haka, jikokinmu za su yi gardamarsu da shaida a hannu. Masu hali kuwa su tuna da mabusa ko ba ranar Salla ba.

Allah ya ja zamanin Sarkin Musulmi, ya maimaita mana, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.