Ruwan Rariya Da Ciyawar Filin Wasa

'Yan'uwana matan gida da 'yan makaranta, yau zancenmu na ruwan da ya gama aiki ne, watau na wanka da wanki da na bayan gida.

A Windhoek, babban birnin Namibiya, ruwan saman da su ke samu a shekara bai kai rabin na Kano ba. Saboda haka ruwan rariyarsu ba ya tafiya banza. A kan tara shi a tsame tarkace, a bar laka ta kwanta, sa'an nan a hura masa iska don waɗansu ƙananan halittu su cinye dauɗar, kana a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da shi a ke shayar da ciyawar filayen wasa da lambunan gari, ta bututunsa dabam. Tun 1968 ma su ke ƙara tace wani kashi har ya koma famfo a sha. A Amurka kuwa bututun irin ruwan nan shunayya a kan yi shi, don kada mai ƙishi ya yi kuskure.

Ciyawa tana son ruwan, gama da sauran taki a cikinsa. Aibinsa gishiri. In an daɗe ana zubawa ya kan taru a ƙasa, bakin ganye ya ƙone, sai an kwarara ruwa mai daɗi ya wanke shi.

To, ku lura da kalmar nan, tacewa. Ruwan Jakara da waɗansu masu lambu a Kano ke ba latas da alayyafo, danyensa ne, kuma latas ba a dafa shi. Ciyawa taka ta a ke yi, latas kuwa cikin yaranmu ya ke shiga. In kin sayo, uwargida, ki wanke shi ganye ganye da ruwa mai tsabta.

A gida ba mu da injin tacewa, amma ruwan wanka da na ɗauraya ya isa raya darbejiya ko lemo a tsakar gida. Ki zuba a gindi, ba bisa ganye ba, kada kuma ki bar shi ya kwana a bokiti, sai ya yi wari. Na wankin tsumman jariri da mai garin sabulu da yawa, waɗannan su bi rariya.