Ƙaramar Akori-Kura da Jan Ɗakin Tafi-da-Gidanka

A Amurka da Kanada mutane da dama, musamman 'yan fansho, suna yawon buɗe ido da ɗaki mai tayoyi, da gado da madafa da banɗaki a ciki. Akwai nau'in da ba a bamba ake ƙulla shi ba. Gabansa na da wuya mai hawowa kan bodin akori-kura, da turken ƙarfe mai kaurin inci 2 a ƙasa, wanda ke shiga bakin wani faifan ƙarfe da ke bayan motar ya kulle. Duk wanda ya san yadda kan tirela ke haɗuwa da bodinta ya gane abin: fasahar ɗaya ce, girman aka rage.

Amfaninsa a fili yake. Tunda nauyin yana zaune daidai saman tayoyin bayan mota, ɗakin ba ya yawan kaɗa wutsiya idan iska ta taso ko babbar mota ta gifta, ribas ma ya fi sauƙi. Shi ya sa masu ƙananan motoci irin Toyota Tacoma da Ford Ranger da Nissan Frontier ke kwaɗayin su ma su ja.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafi. Mai mota yakan duba abin da motarsa ke iya ja, ya ga an rubuta wa Ranger kusan kilo 3,400, sai hankalinsa ya kwanta. Ai ja daban, ɗauka daban. Irin wannan ɗaki yana sauke kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinsa a gadon bayan mota. A ce ɗakin kilo 3,000 ne: wajen kilo 600 ke nan sun hau bodi. Ƙara faifan da ƙarafansa, a ce kilo 70, sannan direba da maiɗakinsa da yara biyu. An haura kilo 900, alhali yawancin waɗannan motoci abin da aka yarje musu su ɗauka bai wuce kilo 500 zuwa 800 ba. Adadin na nan a rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Aikin kansa ba na kowane mai walda ba ne. Ba a falan bodi ake kafa faifan ba, domin falan ba zai riƙe ba. Sai an huda shi an ɗaure ƙarafan da manyan notuna a jikin shasi, daidai kan aksil na baya ko gaba da shi kaɗan. Idan ya koma baya, gaban mota zai ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako. Sai matsalar gajeren bodi. Na waɗannan motoci ƙafa 5 ne ko 6, ba 8 ba irin na manyan akori-kura, don haka a kwana mai tsanani kusurwar ɗakin na iya fasa gilashin bayan direba. Maganin shi ne faifai mai zamewa baya lokacin shan kwana. Ana kuma barin ratar inci 6 tsakanin bakin bodi da ƙasan wuyan ɗakin.

Saura ƙanana ne amma dole: na'urar sarrafa birkin lantarki na ɗakin, soket mai baki 7, ƙarin abin sanyaya man giya, da tayoyi masu jure lodi.

Abin da ya fi ruɗin mutane shi ne ƙarin sifirin ko balan-balan na iska. Suna ɗaga bayan mota ta daina durƙusawa, ido ya ga kamar komai lafiya lau. Amma aksil da birki da shasi suna nan yadda kamfani ya ƙera su, adadin da ke jikin ƙofa bai ƙaru da kilo ɗaya ba. Mu da muka saba ganin an ƙara wa Hilux ganyen sifirin an lafta mata buhuna, mun san ba tashi ke ba da wahala ba, tsayawa a gangare ce.

A ganina, mai ƙaramar mota ya nemi ɗakin da aka yi dominta. Kamfanin Scamp na jihar Minnesota yana ƙera mai tsawon ƙafa 19 wanda bai kai tan ɗaya da rabi ba idan babu kaya. Ko shi ɗin, a cika tankin ruwa, a zuba kaya da iyali, a hau sikelin manyan motoci a auna kowane aksil daban kafin a kama hanya.