Ciwon ƙwauri ga sababbin masu gudu: Dalilinsa, maganinsa da hanyar kauce masa

Mutane da dama da likita ya shawarce su da motsa jiki saboda hawan jini, ciwon suga ko ƙiba kan fara gudun sassarfa da zumuɗi, amma kafin wata guda ya cika sai su jingine shi. Abin da ya fi korar su shi ne raɗaɗin da ke tasowa a gefen ciki na ƙashin ƙwauri, tsakanin gwiwa da idon sawu. Ciwo ne sananne ga 'yan tsere da kuratan soja, kuma yana warkewa idan an bi shi yadda ya kamata.

Asalin matsalar shi ne gaggawa. Zuciya da huhu kan saba da gudu cikin 'yan makonni, har mutum ya ji yana da sauran numfashi. Ƙashi kuwa ya fi su jinkiri. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa na ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu ko fiye. Ƙashi abu ne mai rai: idan aka ɗora masa aiki, sai jiki ya rushe ɓangaren da ya gaji ya gina sabo mai ƙwari. Wannan gini yana buƙatar hutu. Idan aka ci gaba da dukan ƙashin kullum, sai rushewa ta riga gini, tsokokin da ke manne da shi su yi ta jan fatar da ta lulluɓe shi, daga nan ciwo ya bayyana.

Akwai abubuwan da ke ƙara ta'azzara lamarin: gudu a kan kwalta ko kankare, takalmin da ƙasansa ya cinye, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da kuma nauyin jiki. Mata sun fi maza saurin kamuwa.

Da farko ciwon kan zo a farkon gudu, ya lafa idan jiki ya ɗumama, sannan ya dawo bayan an gama. Wannan lafawa ce ke yaudarar mutane su ci gaba, har ta kai ko tafiya zuwa kasuwa ko hawa benen ofis sai da cije baki.

Babban magani shi ne dakatar da gudu na mako 2 zuwa 4, wani lokaci ma fiye. Wannan ba ya nufin kwanciya, domin ana iya tuƙa keke ko yin iyo, waɗanda ba sa dukan ƙashi. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. Farasitamol na rage zafi. Amma mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko hawan jini kada ya sha ibuprofen da ire-irensa sai da izinin likita. Haka kuma shan magani don a samu damar ci gaba da gudu ɓoye ciwo ne, ba warkar da shi ba.

Akwai alamun da ba a jinkiri a kansu. Ciwon ƙwauri na yau da kullum yakan bazu a tsawon ƙashin. Idan kuwa ya taru a wuri guda da za a iya nunawa da ɗan yatsa, ko yana hana barci, ko mutum ya kasa taka ƙafar, to mai yiwuwa ƙashin ya fara tsagewa. Irin wannan tsaga ba ta cika fitowa a hoton ƙashi na farko ba, shi ya sa likita kan nemi hoton MRI. Kumburi mai tsanani ko mutuwar ƙafa su ma na asibiti ne.

Rigakafin kuwa haƙuri ne. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana da tsarin da ke kai sabon mai gudu ga kilomita 5 cikin mako 9, sau uku a mako da ranar hutu a tsakani. A makon farko ana gudun minti ɗaya ne, a bi shi da tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa. Masu horarwa kan ba da shawarar kada ƙarin nisa ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako, a kuma sauya takalmi bayan kilomita 500 zuwa 800. Filin ƙasa ko ciyawa ya fi kwalta sauƙi, gajeren taku ya fi dogo, sannan ɗaga diddige a tsaya kan yatsu sau da yawa yana ƙarfafa dambubu.

Wanda ya warke ya koma da kusan rabin nisan da ya saba, bayan ya yi kwanaki yana tafiya ba tare da jin zafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma tafiya da sauri ma tana cikin lissafi. Don haka wanda ƙwaurinsa bai shirya wa gudu ba, bai rasa abin yi ba kafin ƙashin ya yi ƙwari.