KWAƊO DA ƘYAURE: KOWANE LOKACI DA NASA CIWO



Da kaka mukan zuba hatsi da wake da gujiya cikin ɗaki ko mangaza, mu sa kwaɗo, mu rataya makulli. A garuruwa da yawa ba a buɗe mangazar bankin cimaka sai damana ta faɗi, abinci ya yi wuya. Ranan nan ne kwaɗo yakan ƙi buɗewa. A murɗa da ƙarfi, makulli ya karye a ciki. A ɗauko guduma a fasa. Daga nan cimakar gari ta kwana a buɗe, sai ranar kasuwa a samo wani. Laifin ba na kwaɗo ba ne shi kaɗai, lokaci ne ya ci shi ba mu lura ba.

HUNTURU

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana tasowa daga gabas maso arewa, ta kawo hazo. Ƙurar nan ta fi gari laushi. Cikin kwaɗo akwai ƴan ƙarafa ƙanana da makulli ke ɗagawa. In ƙura ta cika wurinsu, ba su motsi.

A nan ne mutane ke kuskure. Sai su ɗiga man gujiya ko baƙin man mota. Ranar farko ya buɗe lafiya. Bayan wata ɗaya mai da ƙura sun haɗu sun zama danƙo. Ga magani, kuma kowane ɗan makarantar yaƙi da jahilci yana da shi: fensir. A goga bakin fensir a haƙoran makulli har su yi baƙi, a sa a cire sau da yawa. Garin fensir yana sa santsi, amma ba ya kama ƙura.

RANI DA BAZARA

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Itace yana bushewa, ya tsuke. Ƙusoshi su yi lako-lako, ƙyaure ya sunkuya, sakata ta daina shiga raminta. A duba ƙusoshin, a ƙara ɗaure su. In ramin ƙusa ya yi faɗi, a cusa ɗan tsinken itace tukuna.

Ƙarfe kuwa miƙewa yake yi da zafi. Ƙarfe mai tsawon mita 1 yakan ƙaru da kamar rabin milimita in zafinsa ya hau da digiri 40. Kaɗan ne, amma ƙyauren ƙarfen da aka yi cif-cif yakan cije da tsakar rana. A faɗa wa mai walda ya bar ɗan fili.

DAMANA

Daga Yuni zuwa Satumba, balle cikin Agusta, iska tana cike da laima. Ƙyauren itace yana shan laimar nan, ya kumbura ta faɗinsa. Kada a yi saurin kiran kafinta ya sassaƙe shi da yawa. Wanda ya rage ƙyaure da damana, da rani zai ga kafar da ɓera ke shiga. A kankare wurin da ke gugar kawai, a shafa fenti a bakin, har sama da ƙasa.

Ginin ƙasa ma yana zama in ya sha ruwa, azarar kan ƙofa ta danne ƙyaure. Gyaran indararo da yaɓe kafin ruwan fari shi ne maganin wannan.

Sai tsatsa. Ko kwaɗon tagulla ne, hannunsa na ƙarfe ne. A yanko robar cikin tsohuwar taya, a kafa ta bisa kwaɗo kamar inuwa, ramin makulli ya dubi ƙasa. Sakata da maƙalan ƙyaure su ne ke son mai, shi ma kaɗan, a goge sauran. Kwaɗon da ya riga ya cije, a jiƙa shi cikin kananzir ya kwana, a shanya, sa'an nan a sa fensir.

Abu ɗaya ya fi duka: kada a bar kwaɗo wata da watanni ba a taɓa shi ba. Masu riƙon makullin mangaza su sa rana guda kowane wata, su buɗe su rufe gaban shaidu. Makulli na biyu kuma ya zauna wurin mutum amintacce.

Da safe ake kama fara. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.