Tsarin LMD: me ya sa jami'a take ƙirga kiredi, ba shekaru ba?

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ana yin wannan tambaya: yaro ya samu bak, ya shiga jami'a, an ce karatun shekara uku ne, ga shi shekara ta huɗu ta kama babu takarda. Wani lokaci laifin yajin aiki ne da shekarun karatu da ke hawa kan juna. Amma sau da yawa amsar tana cikin tsarin karatun kansa, wanda ake kira LMD, kuma iyaye kaɗan ne aka taɓa yi wa bayaninsa da Hausa.

LMD taƙaitawa ce ta matakai uku: Lisans, Masta da Doktora. Tsarin ya samo asali daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a birnin Bolonya na Italiya a 1999, domin takardun jami'o'insu su zama masu daraja ɗaya. A 2007 ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta, har da Nijar, su koma kansa. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, tana cikin masu tantance takardun. Shi ya maye gurbin tsohon tsari da iyayen yau suka sani, mai difloma ta shekara biyu, sannan Lisans, Metiriz da DEA. Da shi ake aiki a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa.

Yadda ake lissafi

An raba shekara gida biyu, kowane zango ana kiransa semestir. Kowane semestir yana da kiredi 30, shekara ke nan 60. Lisans semestir 6 ne, kiredi 180. Masta semestir 4, kiredi 120. Doktora shekara uku ce a ƙa'ida, ta bincike zalla. Karatun likita yana da nasa tsawon daban.

Kiredi ma'auni ne na aikin da ɗalibi ya yi: awoyin da ya zauna gaban malam, da aikin gwaji, da karatun da ya yi shi kaɗai. Ana tattara darussa masu dangantaka cikin rukuni guda da ake kira UE, kowane rukuni da adadin kiredinsa. Wanda ya samu 10 bisa 20 a rukuni ya ci kiredinsa, kuma sun zama nasa ke nan, ba zai sake zana su ba. Wanda ya gaza yana da jarrabawar cike gurbi, wadda ɗalibbai ke cewa ratarapaj. Akwai kuma hanyar da maki mai kyau ke ɗaga mai rauni, gwargwadon dokar kowane sashe.

A nan ne ruɗanin yake. Tsarin yana iya barin ɗalibi ya wuce aji na gaba alhali akwai rukunin da bai ci ba, muddin ya samu mafi yawan kiredin shekarar. Ɗalibbai suna kiran wannan bashi. Yaro zai iya cewa da gaskiyarsa yana shekara ta uku, amma idan akwai kiredi 4 da suka rage masa tun baya, takardar Lisans ba za ta fito ba sai 180 sun cika cif. Saboda haka tambayar da ta fi "aji nawa kake?" amfani ita ce: "kiredi nawa ka ci, nawa ake bin ka?" Takardar maki ta kowane semestir tana nuna wannan ƙarara, kuma uba ko uwa na da damar cewa a nuna musu.

Bashi yana da tsada. Yana iya jinkirta shiga gasar neman aikin gwamnati, yana iya taɓa alawus ɗin da hukumar ANAB ke biya, tunda ana duba sakamako kafin a sabunta shi. Yana kuma rage damar shiga Masta, domin galibi ba kai tsaye ake wucewa ba: ana duba takardu a zaɓa, kuma wanda ya gama da maki mai kyau cikin lokaci shi ne a gaba.

Binciken ɗalibi

Mataki na biyu da iyalai ba su cika fahimta ba shi ne lokacin da ɗalibi ya daina zuwa aji amma bai gama ba. A ƙarshen Masta, wani lokaci ma a ƙarshen Lisans na koyon sana'a, sai ya rubuta kundin bincike, wato memuwar, ko rahoton istaj. Zai zaɓi tambaya guda, a haɗa shi da malamin da zai duba aikin, ya karanta abin da aka riga aka rubuta, ya fita fili ko ɗakin gwaji ya tattara bayanai, ya rubuta, sannan ya kare aikin a gaban kwamitin malamai. Wannan zaman shi ne sutnans, ranar da dangi ke cika ɗaki da sabbin kaya. Kundin yana da nasa kiredin, kuma idan babu shi babu Masta.

Wannan aiki yana cin kuɗi: kuɗin mota zuwa ƙauyuka, buga takardu, intanet. Yana kuma cin lokaci, domin malami ɗaya kan riƙe ɗalibbai da yawa. Kwafar aikin wani kuwa babban laifi ne da zai iya sa a ƙi kundin gaba ɗaya.

Amma ba wahalar banza ba ce. A Maraɗi, masu bincike na jami'a da na cibiyar INRAN sun yi aiki a kan tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ta hanyar sakin wani ɗan ƙwaro da ke kashe ta ba tare da feshin magani ba. Sun kuma gwada buhun PICS mai ninki uku da ke kare wake daga ƙwari. A Yamai, cibiyar IRSH tana adana tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami da masu nazarin tarihi ke aiki da su. Irin waɗannan ayyuka suna buƙatar masu auna gona, masu ƙirga, masu tambayar manoma, kuma a nan ne ɗalibi yake koyon bincike da hannunsa.

Ga ɗalibi, shawara ita ce ya biya bashinsa tun yana ƙarami, ya adana takardar maki ta kowane semestir, ya kuma nemi dokar sashensa tun makon farko, domin ƙa'idar wucewa takan bambanta daga sashe zuwa sashe. Ga iyaye, idan yaro ya ce yana kan memuwar, ba zaman banza yake yi ba. A tambaye shi batun da yake bincike, sunan malamin da ke duba shi, da watan da yake sa ran karewa.